Tarihin Sabunta Allurar Rigakafin Murar Infuluwenza a Kowace Shekara

Allurar rigakafin murar infuluwenza ta bambanta da akasarin alluran da likitancin zamani ya samar, domin irin ƙwayar da ake haɗa allurar shawara da shi an same shi tun shekarun 1930, na ƙyanda kuma tun shekarun 1950, duka biyun suna aiki har yau, amma ita ta infuluwenza sai an zauna an sake duba abin da ke cikinta sau biyu a kowace shekara. Infuluwenza ta wuce murar yau da kullum da ke tsayawa a hanci da maƙogwaro, domin tana zuwa da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi, tana kuma iya gangarawa huhu ta halaka tsofaffi da jarirai da masu juna biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe tsakanin mutum 290,000 da 650,000 a shekara ta hanyar cututtukan numfashi kaɗai. Al'adar sabunta allurar ta samo asali ne daga wata faɗuwa da masana suka sha a 1947, kuma tarihin abin da ya biyo baya ya nuna cewa ƙarfin allurar a kowace shekara yana rataye ne a kan tazarar watanni da ke tsakanin ranar da aka zaɓi irin ƙwaya da ranar da allurar ta shiga jikin mutum.

Lokacin da annobar 1918 ta game duniya ta hallaka mutanen da ake ƙiyasta sun kai miliyan hamsin, likitoci ba su san abin da suke yaƙi da shi ba. Annobar ta sauka Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na wannan shekara, ta bi layin dogo ta haura Arewa, kuma an ƙiyasta cewa ta ci ran kusan rabin miliyan a Nijeriya. A wancan zamani yawancin masana sun tsaya a kan ra'ayin Richard Pfeiffer na Jamus, wanda ya ɗora laifin a kan wata ƙwayar bakteriya tun 1892, saboda haka alluran da aka yi ta haɗawa a lokacin annobar duk sun nufi abokin gabar da ba shi ne ba. Sai a 1933 Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw suka tabbatar a Landan cewa bairos ne, wato ƙwayar da ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, wadda ba ta iya hayayyafa sai a cikin ƙwayoyin halittar wani mai rai. Sun cimma haka ne ta hanyar ɗiga ruwan maƙogwaron marasa lafiya a hancin feret, wata 'yar dabba mai dogon jiki mai kama da tunku, wadda take kamuwa da murar har da atishawa kamar ɗan'adam. Wannan dabba ta zama ma'aunin masu wannan sana'a har zuwa yau.

Abubuwa biyu suka mayar da wannan ilimi ya zama allura. Na farko shi ne gano cewa ƙwayar tana yawaita sosai idan aka zuba ta a cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako a ciki, hanyar da Ernest Goodpasture ya buɗe a Amurka, Macfarlane Burnet kuma ya kyautata ta a Melbon ta ƙasar Ostareliya. Na biyu shi ne abin da George Hirst ya lura da shi a 1941, cewa ƙwayar tana sa jajayen ƙwayoyin jinin kaza su dunƙule, amma idan aka gauraya ta da ruwan jinin wanda ya taɓa kamuwa ya warke, dunƙulewar ba ta faruwa, domin sinadaran garkuwa da jiki ya ƙera sun riƙe ta. Da wannan gwaji mai sauƙi aka sami hanyar auna kusanci ko nisan da ke tsakanin irin ƙwaya guda da wani. Rundunar sojan Amurka, wadda ba ta manta da asarar da ta yi a barikoki a 1918 ba, ta ɗauki nauyin aikin a ƙarƙashin Thomas Francis na Jami'ar Michigan, tare da ƙaramin ma'aikacinsa Jonas Salk. A gwajin hunturun 1943 kimanin kashi biyu cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allura ne suka kwanta, alhali cikin waɗanda ba a yi musu ba abin ya kai kimanin kashi bakwai, kuma a 1945 aka ba allurar lasisi.

Murnar ba ta kai ko'ina ba. A farkon 1947 mura ta ɓarke a barikoki da makarantun Amurka, aka duba aka ga waɗanda aka yi wa allura suna kwanciya kusan daidai da waɗanda ba a yi musu ba. Gwajin jini ya nuna cewa jikin waɗanda aka yi wa allurar cike yake da sinadaran garkuwa masu kama tsofaffin irin da ke cikin kwalbar, sai dai waɗannan sinadarai ba sa kama irin da aka samo daga sojojin barikin Fort Monmouth a jihar New Jersey. Allurar ta yi duk abin da aka haɗa ta domin ta yi, ƙwayar ce ta sauya kamanni ta wuce ta gaban garkuwar ba tare da an shaida ta ba. Wannan shekara ta cancanci a dinga tunawa da ita fiye da 1945, domin a cikinta ne aka gane cewa babu wani ɗakin gwaje-gwaje ko wata ƙasa da za ta iya wannan aiki ita kaɗai, tunda irin da zai addabi Landan da hunturu mai zuwa yana iya kasancewa yana yawo yanzu a wata nahiya. A wannan shekarar masana suka tattauna batun a Kopenhagen, a 1948 aka buɗe Cibiyar Infuluwenza ta Duniya a Landan a ƙarƙashin Andrewes, a 1952 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarin sa ido na ƙasa da ƙasa wanda yake aiki har yanzu, da cibiyoyi fiye da 140 a ƙasashe fiye da 120.

Dalilin sauyin bai fito fili ba sai bayan shekaru. Kundin gadon ƙwayar, wato bayanan da ke tsara yadda za a gina ta, a rarrabe yake gida takwas, kuma sinadarin da ke kwafe shi a duk lokacin hayayyafa ba shi da hanyar komawa ya gyara kuskurensa, kamar magatakardan da ba ya bitar abin da ya rubuta. Saboda haka cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke fitowa daga jikin majinyaci guda, da yawa suna ɗauke da ɗan bambanci da uwarsu. A bayan ƙwayar akwai furotin iri biyu masu kama da ƙayoyi, hemagulutinin da take maƙalewa da shi a jikin ƙwayoyin halittar hanci da huhu, da nuraminides da take yanke kanta da shi idan za ta fita, kuma daga harufan farko na sunayensu aka samo laƙabi irin H1N1 da H3N2. Garkuwar da allura ke bayarwa akasarinta a kan hemagulutinin take. Yawancin kura-kuran kwafi ba sa amfanar ƙwayar da komai, wasu ma kashe ta suke yi, amma wanda ya faɗa a daidai wurin da sinadaran garkuwa ke kamawa yakan ba mai shi damar shiga jikin mutanen da suka riga suka fi ƙarfin danginsa, sai ya yaɗu ya shafe sauran. Wannan shi ake kira gocewar sannu, kuma garkuwar jama'a ce da kanta take tura ƙwayar zuwa gare ta.

Akwai kuma sauyin farat ɗaya, wanda yake faruwa idan iri biyu suka haɗu a cikin ƙwayar halitta guda, a jikin tsuntsu ko alade ko mutum, suka yi musanyar wasu daga cikin gidajen nan takwas. Haka H2N2 ta bayyana a 1957 da sabon hemagulutinin na tsuntsaye, inda Maurice Hilleman ya hango haɗarin daga labarin jarida a kan cunkoson marasa lafiya a Hong Kong, ya sa aka haɗa allurai kimanin miliyan arba'in kafin ƙarshen shekara. Haka H3N2 ta maye gurbinta a 1968. A 1977 H1N1 ta dawo kusan yadda take a shekarun 1950, ta fi kama matasan da aka haifa bayan ɓacewarta, kuma tun daga 1978 aka koma allura mai iri uku, biyu daga rukunin A, wato H1N1 da H3N2, da ɗaya daga rukunin B, wanda Francis ya gano a 1940. Annobar 2009 ta kawo wata H1N1 daga aladu ta kori waccan. Waɗannan su ne suke shiga kanun labarai, amma gocewar sannu ce take cin ƙarfin allurar shekara-shekara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitar da shawarar haɗin allura a kowace shekara tun 1973, kuma tun daga 1998 zaman ya koma sau biyu, a watan Fabrairu domin ƙasashen arewacin duniya da watan Satumba domin na kudu. Asibitoci suna shafo majinar marasa lafiya su aika wa cibiyoyin ƙasa, su kuma su tace su tura zaɓaɓɓun samfura zuwa manyan cibiyoyi a Landan da Atlanta da Melbon da Tokiyo da Beijin, inda ake karanta kundin gadonsu a kuma gwada su da jinin feret. Bayan an zaɓi iri, sai a haɗa shi da wani tsohon iri da aka samo a Puerto Rico a 1934, wanda ya ƙware da yawaita a cikin ƙwai, domin a sami ɗa mai rigar sabon iri da kuzarin tsohon. Mai wannan dabara, Edwin Kilbourne, yana cikin likitocin soja da suka ga ɓarkewar 1947 a Fort Monmouth da idonsu. Daga nan masana'antu suke zuba ƙwayar a miliyoyin ƙwai, su kashe ta, su tace, su auna, su dura a kwalabe, aikin da ba ya kasa watanni shida. Matsayin masu zaɓen ya yi kama da na manomin da dole ya sayi iri tun da rani, kafin ya san ko damina za ta yi tsawo ko za ta ɗauke da wuri, tare da bambancin cewa shi manomi yana iya sake shuka, su kuwa da an rufe zaman Fabrairu bakin alƙalami ya bushe.

Ilimin da suke hasashe da shi ya zurfafa ƙwarai. A 1981 Ian Wilson da John Skehel da Don Wiley suka fitar da siffar hemagulutinin dalla-dalla, aka ga wurare huɗu a kansa da sinadaran garkuwa suka fi kamawa. A 2004 Derek Smith da abokan aikinsa suka mayar da sakamakon gwajin jini na shekaru talatin da biyar ya zama taswira, wadda ta nuna cewa H3N2 ta ratsa rukuni goma sha ɗaya tsakanin 1968 da 2003, tana ɗan zama a rukuni guda na 'yan shekaru sannan ta yi tsalle zuwa wani. Abin da ya fi ba da mamaki ya fito a 2013 daga masana a Rotterdam, waɗanda suka nuna cewa cikin ɗaruruwan tubalan amino asid da aka gina hemagulutinin da su, wurare bakwai kacal, duka a gefen ramin da ƙwayar ke maƙalewa da shi, su ne suka haddasa waɗannan tsalle-tsalle, kuma sau da yawa sauyin tubali guda ya wadatar. Wannan ya bayyana abin da ya sa ƙirga yawan sauye-sauye a kundin gado bai isa a san ko allura za ta yi aiki ba, domin iri biyu suna iya bambanta a wurare ashirin garkuwa ta kama su duka, wani kuma ya bambanta a wuri ɗaya ya kuɓuce.

Duk da wannan ilimi ƙwayar ta sha rigan masu zaɓe. Irin Sydney na H3N2 ya ɓullo a tsakiyar 1997 bayan an gama zaɓe, irin Fujian na ƙasar Sin kuma an hango shi a farkon 2003 amma aka kasa samun wanda zai yawaita a ƙwai cikin lokaci, aka bar tsohon irin Panama a cikin allurar. A Fabrairun 2014 an bar irin Texas na 2012 a matsayinsa, cikin makonni kaɗan aka fara ganin irin da ya goce, kafin Satumba ya yi yawan da aka sauya haɗin ƙasashen kudu, amma na arewa ya riga ya shiga kwalabe. A hunturun da ya biyo baya hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta auna ƙarfin allurar a kashi 19 cikin ɗari. H1N1 ta 2009 kuwa ta nuna ɗaya fuskar lamarin, domin irin California da aka zaɓa a shekarar annobar ya zauna a cikin allura har 2017 ba a bukaci sauya shi ba. H3N2 ce mai saurin gocewa, ita ce kuma ta fi kwantar da tsofaffi.

Wata matsalar a cikin ƙwan take, kuma an daɗe ba a ba ta nauyin da ya kamata ba. Ƙofofin da ƙwayar ke maƙalewa a jikin ɗan tsako irin na tsuntsaye ne, sun bambanta da na hancin mutum, saboda haka ƙwayar mutane da aka tilasta wa zama a ƙwai takan sauya daidai wurin maƙalewar domin ta rayu, wato a unguwar da waɗancan wurare bakwai suke. Irin da ya mamaye duniya daga 2014 ya sami wani sauyi a wuri na 160 wanda ya ɗora masa ɗan reshen sukari da ke lulluɓe wurin da garkuwa ke kamawa. An zaɓi wakilinsa daidai, irin Hong Kong na 2014, amma da ya shiga ƙwai sai ya zubar da wannan lulluɓi, aka wayi gari allura tana koya wa jiki kama wurin da yake a rufe a jikin ƙwayar da ke yawo. Masana a Jami'ar Pennsylvania suka bayyana haka a 2017, shekarar da ƙarfin allura a kan H3N2 a Ostareliya ya tsaya a wajen kashi goma cikin ɗari. Akwai hanyoyin kauce wa ƙwai, kamar Flucelvax da ake renonta a ƙwayoyin halittar dabba da Flublok da ake ƙera furotin ɗinta kai tsaye, waɗanda Amurka ta amince da su a 2012 da 2013, amma har yanzu mafi yawan allurar duniya daga ƙwai take fitowa, saboda arha da kuma masana'antun da aka riga aka gina. Riƙe fasahar shekarun 1940 bayan an san aibinta abu ne da tsimin kuɗi kaɗai yake bayyana shi, kuma tsofaffin da ke kwance a asibiti su ne suke biyan cikon.

Jikin wanda ake yi wa allurar shi ma yana da tarihinsa. Francis ya rubuta a 1960 cewa irin da mutum ya fara haɗuwa da shi yana yaro yakan bar tambari a garkuwarsa, ta yadda duk lokacin da ya gamu da sabon iri jikinsa yakan fi tayar da tsofaffin sinadaran da ya sani. Feret ɗin ɗakin gwaji bai taɓa yin mura ba kafin a ɗiga masa, mutum mai shekara sittin kuwa ya yi ta sau da dama, don haka abin da jinin feret ya ce ya dace yana iya kasawa a jikin wani rukunin shekaru ya yi aiki a wani. Tambarin yana da amfaninsa, domin a 2009 tsofaffin da suka haɗu da dangin H1N1 tun suna yara sun fi matasa tsira.

Alƙaluman ƙarfin allura suna bukatar a karanta su da fahimta. Ana samunsu ne ta hanyar gwada duk wanda ya zo asibiti da alamun mura, a ware waɗanda aka sami ƙwayar a jikinsu da waɗanda ba a samu ba, sannan a kwatanta yawan masu allura a kowane ɓangare. A Amurka, tun daga 2004, sakamakon ya yi ta kai-komo tsakanin kashi goma da kashi sittin cikin ɗari, kuma a shekarun da zaɓe ya dace yakan zauna tsakanin arba'in da sittin. Wanda ya saba da allurar ƙyanda zai raina wannan adadi, amma cutar da ke kama ɗaruruwan miliyoyin mutane a shekara, rage ta da kashi arba'in yana nufin gadajen asibiti masu ɗimbin yawa da ba a kwanta a kansu ba.

Hasashen ba ya wuce ingancin samfuran da suka iso, kuma a nan ne rashin daidaito ya bayyana. A 2007 Indunusiya ta daina aika samfuran murar tsuntsaye ta H5N1, bisa hujjar cewa kamfanoni suna haɗa allura da su a sayar da tsadar da talakawanta ba za su iya ba, rigimar da ta kai ga yarjejeniyar rabon amfani a 2011. Wannan murar tsuntsaye ce ta farkar da Afirka ta Yamma, domin a Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a nahiyar a wata gonar kaji a jihar Kaduna, a cikin watan kuma aka same ta a Magariya ta Jamhuriyar Nijar. Bayan haka Nijeriya ta fara sa ido a kan murar mutane a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, cikinsu har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ita ma Nijar ta kafa nata tsarin da cibiyarsa a Yamai. Sakamakon irin wannan aiki a yankuna masu zafi ya nuna cewa kalandar Fabrairu da Satumba an yanka ta ne a kan hunturun Turai da na Ostareliya, alhali a nan cutar takan yi ƙarfi da damina a wani wuri, da sanyin hunturu a wani, a wani kuma ta yi ta yawo duk shekara. Yawancin ƙasashen yankin ba su sa allurar cikin rigakafin yau da kullum ba, kuma hanyar da Bahaushe ya fi haɗuwa da ita ita ce shirin aikin Hajji, tunda hukumomin Saudiyya suna shawartar maniyyata su yi ta kafin su shiga taron da ke haɗa mura daga arewa da kudun duniya a wuri guda.

Sauyi na baya-bayan nan a haɗin allurar ya zo ta inda ba a zata ba. Rukunin B ya rabu gida biyu tun shekarun 1980, zuriyar Victoria da zuriyar Yamagata, kuma saboda masu zaɓe sun sha kuskuren wadda za ta yi rinjaye, aka fara sa duka biyun a allura mai iri huɗu daga wajen 2013. Da annobar korona ta sa aka rufe iyakoki da makarantu aka kuma ɗaura takunkumi, yaɗuwar mura ta faɗi ƙasa warwas, kuma tun watan Maris na 2020 cibiyoyin sa ido ba su sake tabbatar da zuriyar Yamagata tana yawo a cikin jama'a ba. A Satumban 2023 masu ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara suka ce a cire ta daga haɗin, kuma daga hunturun 2024 Amurka ta koma allura mai iri uku, wasu ƙasashe suka bi sahu.